Ranar da Na Cire Hular Babarbare a Birmingham

A shekarar da wannan abu ya same ni, ni dattijo ne da ya haura saba'in, mai ganin ya gama karanta duniya. Bafulatanin Adamawa ne ni, amma a Kano na tashi, a nan kuma na koyi fatauci. Cinikin yadi da takalma ya kai ni Jidda da Bangkok da Bamako da Abijan, wasu na zauna na shekaru, wasu kuma na yi ta zirga-zirga har masu masauki suka san irin shayin da nake sha. Ina jin Fulatanci da Hausa da Larabci da Faransanci da Turanci, ina kuma iya taya kaya da yaren mutanen Tailan har a sallama mini. Abin alfaharina ke nan a lokacin, cewa duk inda aka jefa ni na san yadda ake gaisuwa, na san inda ake cire takalmi, na san maganar da ba a yi a gaban abinci. Bayan rasuwar mai ɗakina, 'yata da ke aiki a Manchester ta matsa na koma wajenta saboda ciwon suga da ya sa ni gaba. Yau da nake rubuto wa wannan mujalla, muƙamuƙina ba ya buɗewa sosai, nama sai an daka mini, fatar hannuna na dama kuwa ta tattare kamar ganda. Ban rubuto don a tausaya mini ba. Akwai wadda ta fi ni rauni a wannan rana, kuma ita ba ta yi wa kowa komai ba.

Ina da ɗan ƙanwata da gwamnati ta turo karatun digiri na uku a Manchester. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, don haka ni ne kawu ni ne uba. Yana zaune a wani gidan haya a unguwar Withington tare da abokan karatunsa, duk Juma'a kuma yakan zo ya ɗauke ni mu tafi masallaci. Yaro ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko a layi aka tsallake shi sai ya matsa ya ba da wuri. Wata rana muna dawowa ya yi ta kame-kame, can ya ce Kawu, akwai wata yarinya a Birmingham. A can aka haife ta, tana aiki a kantin sayar da magani, tana jin Hausa amma da Turanci take mayar da amsa. Mahaifiyarta ta rasu, mahaifinta ne ya raine ta ita da yayanta namiji da tuƙin tasi. Na tambaye shi mutanen ina ne, ya ce Barebari ne daga Maiduguri. Na bushe da dariya har mutanen cikin bas suka waiwayo. Na ce masa ai magana ta ƙare, ya je ya ba da ɗinkin babbar riga, don ba a taɓa jin bawa ya hana ubangidansa 'ya ba.

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, a yi wa juna tatas a tsakiyar kasuwa, a ƙwace hula, a cinye abincin juna, wanda ya yi fushi kuma shi ya ji kunya. Na ga irinsa a Bamako, inda babban ma'aikaci da mai gadinsa za su tsaya suna yi wa juna gorin cin wake saboda sunan kakanninsu. Na taɓa ganin wannan wasa ya kashe faɗan da har an zare wuƙa a wata tashar mota a Nijar. Saboda haka a wurina wasa mabuɗi ne, ban taɓa tunanin akwai ƙofar da zai rufe ba.

Yarinyar ce ta shirya haɗuwar. A gida ba haka ake yi ba, manya ne ke zuwa wajen manya, yarinya ko inuwarta ba a gani. Amma yaron ya ce mini mahaifinta ya ce ba zai ce komai ba sai ya ga daga wane gida ya fito, idan ya gamsu a nan take zai ba mu izinin kawo kayan tambaya. Ke nan auren gaba ɗaya ya rataya a kan wannan cin abinci. Da ta ji cewa kawun saurayinta ya daɗe a Bangkok, sai ta nemo wani gidan abinci na mutanen Tailan ta wajen Ladywood, wanda namansa na halal ne, wai don in ji kamar na koma ƙuruciyata. Don ta girmama ni ta zaɓi wurin nan. Wannan na cikin abubuwan da ke hana ni barci.

Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa, muka yi sallar azahar a Birmingham, muka isa wurin. Ga wanda bai taɓa gani ba, a irin wannan gidan abinci kai ne mai dafa wa kanka. Za a kawo wani kasko na ƙarfe mai tudu a tsakiya kamar an kifa ƙwarya, gefensa kuma kwalbati ne da ya zagaye shi, a cika kwalbatin da romo. A ɗora guntun kitse a ƙoƙon tudun, yana narkewa yana gangarowa, kai kuma kana shimfiɗa yankakken nama a jikin tudun yana gasuwa. Man naman ya zuba cikin romon, a can kuma ake jefa kabeji da taliya da jatan lande da ƙwai suna tafasa. A Bangkok kitsen alade suke sawa, shi ya sa sai a unguwannin Musulmi nake ci. A can kuma garwashi ne, kuma tukunyar wutar a cikin rami take a tsakiyar tebur, ko an bangaje shi ba ta motsi. A nan kuwa ɗan ƙaramin murhun gas aka ɗora a kan tebur mai ƙafa ɗaya, kaskon na bisa kansa, romo cike har baki. Na lura teburin na rawa da na dafa shi. Na ce a raina waɗannan sun kwaikwayi abincin amma ba su kwaikwayi teburin ba, na ja kujera na zauna.

Ba a jima ba yarinyar ta shigo riƙe da hannun mahaifinta. Dogon mutum ne baƙi, da zanen Barebari a kumatu, da doguwar hula a kansa, yana dogara sanda. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, hannunsa na hagu ba ƙarfi, bakinsa kuma ya ɗan karkace. Na miƙe da ladabi zan gaishe shi, ashe shi ma an riga an gaya masa ko ni wane ne. Bai ko amsa sallamata ba sai ya juya ga 'yarsa, ya ce wa ya bar ɓarawon shanun nan ya shigo ƙasar mutane, su Turawa ba sa bincike ne a filin jirgi. Ya ce tun daga bakin ƙofa yake jin warin nono. Na ce masa warin turarensa ne ya toshe masa hanci, Babarbare ko wanka bai yi ba sai ya yi hayaƙi ya ce ya yi tsafta. Ya ce Bafulatani da ba ya iya yanka ko ɗan maraƙi a gidansa yau ya ga naman banza, a sa masa ido kar ya cusa a aljihu. Kafin in ankara ya fizge hulata da hannunsa mai lafiya, ya zauna a kanta, ya ce ba zai bayar ba sai na durƙusa na gai da ubangidana.

Yarinyar ta zaro ido, ta dubi saurayinta, ta tambayi mahaifinta da Turanci ko lafiya. Ya ce mata wasa ne, ta zuba kabeji. Iyakar bayanin da ta samu ke nan. Muka ci gaba, nama na ƙara a kan ƙarfe, hayaƙi na tashi, ina nuna musu yadda ake tsoma gasasshen a miyar barkono da lemun tsami. A tsakiyar ci ya sunkuyo ya ce mini a hankali, rabonsa da samun ɗan Fulanin da zai zaga ya huce tun matarsa na da rai. Sannan ya ɗaga murya ya nuna yarona da cokali, ya ce wannan ramammen zai ba shi 'yarsa don tausayi kawai, tunda aurar da bayi haƙƙin ubangiji ne, mu kawo kayanmu bayan salla. Na ga idon yaron ya kawo ruwa. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murmushi. Aure ya tabbata a wannan lokaci, da mun tashi a nan da yau ina goyon jika. Kujera ɗaya ce babu kowa a kanta, ta yayanta, wanda aka ce yana aikin gadi a wani babban kanti kuma zai zo da ya tashi.

Sai na ga lokacin ramuwa ya yi. Tsohon yana ta fama da ƙarfen ɗaukar nama, mai kama da awartaki, yana son ciro wata tsoka da ya daɗe yana gadinta a kan tudun. Yana ɗago ta na cafke wuyan hannunsa, na zare tsokar na jefa a bakina. Na cire masa hula na ɗora a gwiwata, na ɗan ƙwanƙwasa sanƙonsa da yatsa. Don yarinyar ma ta ji daɗin abin, na juya na faɗa mata da Turanci, da ƙarfi, cewa ubanta bawana ne, kakana ya sayi kakansa, kuma bawa ba ya cin nama kafin ubangidansa ya ƙoshi. Ni da na san a Tailan ba a taɓa kan mutum ko da na jariri ne, ni da na san nauyin kalmar bawa a bakin Bature da kunnen baƙar fatar da aka haifa a ƙasarsa, duk wannan sani ya tafi ya bar ni saboda daɗi. Tsohon ya kece da dariya har barkono ya sarƙe shi. Hawaye na zuba, karkataccen bakinsa a buɗe, yana tari yana ƙoƙarin ƙwace hannunsa. Wanda ya san shi a wannan zama ya san dariya yake yi. Wanda ya shigo yanzu kuwa, tsoho nakasasshe zai gani yana kuka, kai babu hula, wani baƙo ya danne masa hannu. Ban san akwai mutum tsaye a bayana ba.

Abin da na fara ji shi ne an shaƙo wuyan rigata ta baya, an ɗaga ni daga kujera kamar ɗan akuya. Aka juyo da ni, na ga saurayi ƙaƙƙarfa mai kamar tsohon sak, har yanzu da rigar aikinsa a jiki. Bai tambaye ni komai ba. Naushin farko a muƙamuƙi ya same ni, na ji ƙarar karyewarsa a cikin kaina kamar an taka busasshen kara. Haƙorana suka gauraya da naman da ban gama taunawa ba. Yana jijjiga ni yana ihu da Turancin mutanen Birmingham, wai in maimaita, wai wane ne bawan, in sake faɗa ya ji. Harsuna nawa na ce muku ina ji, amma babu ko ɗaya da ya fito daga bakina sai jini. Ya kama ƙeyata ya buga goshina a gefen tebur, ya ɗago ya sake bugawa. Na zube, ya bi ni da ƙafa, takalmin aiki ne mai ƙarfe a baki, a haƙarƙari da ciki da duk inda ya samu. Ƙanwarsa tana kiran sunansa tana cewa wasa ne, wasa ne. Mahaifinsa na son yin magana, amma mai irin ciwonsa idan hankalinsa ya tashi harshensa ɗaurewa yake yi, sai wani gurnani kawai ke fita, wannan gurnani kuma ya ƙara tunzura yaron don ya ɗauka kukan azaba ne.

Daga inda nake kwance na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Ɗan ƙanwata, yaron da ba ya iya kallon idon babba, ya ɗauki kwalbar ruwa mai kauri da ke kan tebur ya zagayo ya rotsa ta a kan saurayin. Kwalbar ta tarwatse. Saurayin ya faɗi bisa gwiwoyinsa, jini ya rufe masa fuska. Da a nan ya tsaya, da kowa ya ce kare kawunsa ya yi. Amma ya sake ɗaga abin da ya rage a hannunsa, guntun kwalba mai haƙora, ya sauke a gefen fuskar mutumin da ke durƙushe, ya yage shi daga kunne har zuwa haɓa. Fuskar yarona a lokacin ba tasa ba ce, ban san mai ita ba. Saurayin ya yi wani ƙara ya rungumo ƙugunsa, suka yi baya tare suka afka wa teburin.

Teburin ya karkata ta ɓangaren tsohon, wanda ba ya iya tashi da sauri. Yarinyar ta gani kafin kowa. Ta faɗa a kan mahaifinta ta rufe shi da jikinta, kaskon nan kuma ya zame gaba ɗaya, da tafasasshen romo da narkakken kitse, ya juye a kafaɗarta da hannunta da gefen wuyanta. Mayafinta ya jiƙe ya manne da fata yana tururi. Na ji kukan mutane a wurare da dama a rayuwata, na ga haɗarin mota a hanyar Makka, na ga gobarar kasuwa, amma ƙarar da yarinyar nan ta yi ba ta da ta biyu a kunnena. Murhun ya faɗo kusa da ni bai mutu ba, hannun babbar rigata ya kama. Ina kallon wuta na cin hannuna amma ba ni da ƙarfin janye shi, sai da wani mutum daga teburin kusa ya tuɓe kwat ɗinsa ya yi ta dukan wutar, wani daga kicin ya fito ya fesa mana farin garin kashe gobara. Duk wannan ana yi, su biyun suna ƙasa cikin romo da fasassun kwalabe, wannan ya shaƙe wancan, wancan na neman idon wannan da yatsa. Sai da wata mata ta ja yarinyar zuwa famfo tana ihu a kira motar asibiti, sannan yayan ya ɗago kai ya ga ƙanwarsa. Ya saki wuyan yarona, ya rarrafa ta wajenta yana kiran sunanta, jini na ɗiga daga haɓarsa. Abu na ƙarshe da na gani kafin in suma shi ne tsohon zaune a kujerarsa, kai a buɗe, bakinsa na motsi babu sauti, hularsa kuma tana ƙasa cikin romo, taliya ta naɗe ta.

A asibiti aka ɗaure mini muƙamuƙi da waya, na daɗe ina shan abinci ta tsinken roba. Yarinyar tana wani sashe na masu ƙuna, aka yi ta yankar fata daga cinyarta ana liƙa wa a kafaɗa. Da na fara iya magana ta tsakanin haƙora, wata 'yar sanda ta zo da ladabinta ta zauna. Ta tambaye ni ko na kira mutumin bawa, na ce e. Ko na cire masa hula, na ce e. Ko na riƙe masa hannu na ƙwace abincinsa alhali na san ba shi da lafiya, na ce e. Ko na san shi kafin wannan rana, na ce a'a. Kowace amsa gaskiya ce, amma da aka jera su sai suka fitar da wani mutum da ni kaina da na gan shi zan tsana. Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin wasan kakanni, ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni yadda mutum zai zama aminin wanda bai taɓa gani ba.

A gida da manya sun zauna, an yi faɗa, an ba da haƙuri, an rufe magana. Na ce wa 'yan sanda na yafe, ba na ƙarar kowa. Suka ce ba nawa ba ne da zan yafe, na'urar ɗaukar hoto ta ɗauki komai, hukuma ce mai ƙara. A kotu ne na ji abin da ya ƙarasa karya ni. Lauyan yayan yarinyar ya ba da labarin cewa tun yana ƙaramin ɗan makaranta, wata rana yana leƙe ta taga, ya ga wasu bugaggun mutane sun fizgo mahaifinsa daga cikin tasi a ƙofar gidansu. Suka kaɓe masa hula suka yi ta ƙwallo da ita, suka tattaka shi, suna kiransa da sunayen da ake kiran baƙar fata. Da suka tafi, uban ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, ya shigo gida da fasasshen leɓe, ya yi wa ɗansa murmushi ya ce kar ya damu, wasa suke yi. Tun daga ranar yaron ya yi rantsuwa babu wanda zai sake taɓa hular ubansa yana raye. Aka yanke masa zaman gidan yari, aikinsa ya tafi. Ɗan ƙanwata ya samu ɗaurin je-ka-gyara-halinka, jami'arsu kuma ta dakatar da shi na wani lokaci.

Duk da haka yaron bai haƙura da auren ba. Ya zo ya durƙusa a gabana yana kuka, ya ce Kawu ko duk jikinta ne ya ƙone yana so, in taimaka in je in roƙa masa. Da na samu ƙarfin tafiya, 'yata ta tuƙa ni zuwa gidan su yarinyar a unguwar Sparkhill, wani ɗan layi a bayan Stratford Road. Tsohon da kansa ya buɗe ƙofa. Ya ce Alhaji barka da zuwa, ya jiki, ya gajiyar hanya. Ya nuna mini kujera mafi kyau a falon, shi ya zauna a ƙarama. Duk da haka na ce bari in gwada. Da aka kawo shayi na kurɓa, na ce wato Barebari sun haɗa baki za su kashe Bafulatani da sukari. Ya dube ni, ya ce in yi haƙuri Alhaji, ya manta ina da ciwon suga, bari a sake dafa wani. Wallahi naushin ɗansa bai yi mini zafin wannan haƙurin da ya ba ni ba. A nan na san amsar da na zo nema tun kafin in buɗe baki.

Yarinyar ta fito da kanta, sanye da wata matsattsiyar rigar asibiti da ta rufe ta daga yatsu zuwa wuya. Ta gaishe ni ta kira ni Baba, ta yi magana rabi da Hausa rabi da Turanci. Ta ce ba ta riƙe ni a zuciya ba, ta ma daɗe ba ta ga mahaifinta ya yi dariya irin ta ranar ba, sai dai ita kanta a tsorace take tun farkon zaman, don babu wanda ya taɓa gaya musu akwai irin wannan abu a duniya. Ta ce idan ta rufe ido ba romon take gani ba, bugu na biyu take gani, hannun wanda za ta aura a sama da guntun kwalba, yayanta kuma a durƙushe. Ta ce yayanta zai fito wata rana da tabon nan a fuska, ba za ta iya sake zaunar da su a tebur ɗaya ba, kuma ba za ta shiga gidan da yayanta ba zai taka ba. Ta roƙe ni in gaya masa ya daina kira. Mahaifinta bai ƙara komai ba illa Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ya rako ni har bakin mota yana jan ƙafa. Na tsaya ina jira ko zai ce ɓarawon shanu, ko sau ɗaya. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, Alhaji.

Ɗan ƙanwata ya ƙarasa karatunsa da ƙyar ya koma gida. Har yau bai yi aure ba. Yana kirana da salla, mu gaisa a taƙaice.

Na daɗe ina juya wannan abu. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to ni na zagaya duniya amma ban hango abin da ke tsaye a bayan kujerata ba. Na koyi cewa wasan nan namu ba na mutum biyu ba ne, na gari ne. A Kano ko Maiduguri duk wanda ke wurin ya san ƙa'idarsa, 'yan kallo su ne katangarsa. Idan aka ɗauke shi aka kai inda babu katangar, abin da ya rage zagi ne da ƙwace da cin mutunci, kuma mai gani bai yi ƙarya ba idan ya ce abin da ya gani ke nan. Ina kira ga iyayen da ke renon 'ya'ya a ƙasashen nan, kun koya musu salla da gaisuwa da cin tuwo, to ku zaunar da su ku gaya musu su wane ne abokan wasansu da dalilin wasan, kuma idan an wulaƙanta ku a waje kar ku rufa wa abin asiri da sunan wasa. Dattawa irina masu zuwa da al'ada a aljihu, kafin ku miƙa hannu ga hular wani ku waiga ku ga wa ke kallo, ku tabbata kowa a wurin ya san abin da ake yi, har da wanda bai iso ba tukuna. Samari kuma, idan mutum ya kai ƙasa ku sauke hannu, don bugu na farko ake yafewa, na biyu shi ake tunawa. Kuma kowane ne kai, kar ka yi wasan hannu a kan tukunyar da ke tafasa.

Ni dai ban sake taɓa hular kowa ba, ban kuma sake shiga inda ake gasa nama a kan tebur ba. Kullum ina yi wa yarinyar nan addu'ar miji nagari, ina yi wa yayanta ta sanyin zuciya. Ni kuwa abu ɗaya nake roƙa wa kaina bayan gafara, kafin in bar duniya wayata ta yi ƙara, in ɗauka, in ji muryar Babarbaren nan yana tambaya ko ɓarawon shanu na nan da rai.